Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

Jama'a, 'yan'uwa talakawa, manoma da 'yan kasuwa na ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, yau maganarmu a kan wani abu ce wanda mutane da yawa za su ɗauka wasa ne, amma in kun bi mu a hankali za ku ga ba wasa a ciki. Maganar kuwa ita ce ta tsofaffin kaset-kaset da faya-fayan waƙa da na fim, waɗanda ke jibge cikin kwali a ƙarƙashin gado, ko cikin buhu a zaure, ƙura ta rufe su. Yanzu an shiga wani yayi, in yaro ya ga ubansa yana kakkaɓe rakoda sai ya yi dariya, ya ce, "Baba, ai wannan zamaninsa ya wuce, kome yana cikin waya." Masu sayen gwangwan kuma suna bi gida gida, suna ɗora rakoda da bidiyo bisa sikeli kamar tsohon kwano. Shi kuwa kaset, da ya ke ba shi da nauyin ƙarfe, sai yara su zare zarensa su yi wasa, ko a watsar da shi a juji.

Mu dai ra'ayinmu a fili ya ke, ba mu ɓoye shi. Kada ku zubar, kada ku sayar. Abin da ke cikin akwatinka naka ne, abin da ka ke jawowa daga intanet kuwa aro ne, kuma Hausawa sun riga sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ga dalilanmu, kowa ya auna da hankalinsa.

WA KE ZAƁA MAKA?

Dattawan da ke cikinmu sun san zamanin majigi. Mota ce za ta zo daga birni, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a yi shela, jama'a su taru bayan sallar isha'i. Abin da za a nuna kuwa ba a shawarci kowa ba: tsabtar gida, allurar rigakafi, noman auduga da gyaɗa, irin su Baban Larai. In an gama a naɗe ƙyalle a tafi da shi, kai kuwa ka koma gida da abin da idonka ya iya riƙewa. Garmaho da faifansa akwai su, amma sai a gidan sarauta, ko na attajiri, ko na babban ma'aikacin En'e. Da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962 an sami sauƙi, duk da haka in kana son waƙa sai ka aika da takarda ka zauna jira, ko a sa maka, ko kada a sa.

Sa'an nan kaset ya zo. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da shi a 1963, kafin a shekara ashirin ya game kasuwanninmu, har ba kasuwar ƙauyen da za ka shiga ba ka ji mai kaset ya saki sauti a rumfarsa ba. To, a lura da abin da wannan ɗan akwati ya yi wa talaka. Ran nan ne talaka ya fara zaɓar abin da zai ji da kansa, a lokacin da ya ga dama, sau nawa ya ga dama. Abin da ya fi wannan ma, rakoda tana ɗaukar magana. Mutum ya sayi batir da kaset wanda ba kome a cikinsa, ya tafi filin dambe bayan kaka, ko wurin kokawa, ko gayya, ko biki, ya ajiye rakodarsa kusa da makaɗi, ya komo gida da muryar a aljihu. Bai nemi iznin hakimi ba, bai cika takardar kowa ba.

Haka fim ya bi. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan harka ta buɗe, aka yi su Gimbiya Fatima da Sangaya da Wasila. 'Yan kasuwarmu suna saro kaset daga Kano, daga baya faifan CD, su kawo Sakkwato, daga can ya watsu har Achida da Gandi. Wanda ya saya ya saya ke nan. Ya kalla, matansa su kalla, maƙwabci ya ara, a mayar masa.

Wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001. Da farko ma ba ta raba mu da mallaka ba, don kuwa memori ya zo, masu turi suka kafa teburinsu a kasuwa kusa da masu caji, ka ba da 'yan kuɗi kaɗan a cika maka. Amma yanzu inda a ke kora mu dabam ne. Ana so kowa ya riƙa jawo waƙa da fim kai tsaye daga intanet, kullum ya sayi data, kome bai zauna a hannunsa ba. Kuma in ka duba da kyau, wayar ce ke tura maka abin da za ka gani, wannan na ƙarewa wani na hawa, ba ka nema ba. Ashe mun yi zagaye mun komo zamanin majigi, sai dai yanzu mai ƙyallen yana wata ƙasa, kuma kai ke biyan kuɗin man motar.

HAYAR DA BA TA ƘAREWA

Ɗan kasuwa ba ya bukatar a koya masa bambancin rumfar da ya saya da rumfar da ya ke haya. Wanda ya sayi kaset ɗin Shata a 1985 sau ɗaya ya biya, in ya adana shi har yau yana ji. Wanda ke jin wannan waƙa ta intanet kuwa, yau ya biya, gobe ya biya, jibi ya biya, ran da ba shi da kuɗin data Shata ya yi shiru. Kuɗin hayar ma ba shi ke yankewa ba. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100. Wa ya zo Goronyo ya tambayi mai albasa ko ya yarda?

Ba sai mun tafi nesa neman misali ba. A watan Satumba na 2021 aka datse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga, Rabah da Goronyo suna ciki. Aka yi makwanni wayoyi masu tsada sun zama tocila da agogo. Lalle a kwanakin nan rashin waƙa shi ne mafi ƙanƙantar damuwar jama'a, don rayuka a ke ta kai, ba kuwa wanda ya manta abin da ya auku a kasuwar Goronyo ran 17 ga Oktoba na shekaran nan, inda aka kashe mutum fiye da 40, Allah Ya jiƙansu. Amma duk wanda ya zauna cikin wannan hali ya ga abu guda da idonsa: ƙaramar rediyo mai batir ita ce ta ci gaba da kawo labari, memori da kaset su ne suka ci gaba da ɗebe wa mutane kewa cikin dogon dare. Abin da ke rataye da sabis, da aka kashe sabis ya mutu tare da shi.

A 2022 an toshe kiran miliyoyin layuka saboda ba a haɗa su da lambar katin ɗan ƙasa ba. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, 'yan kasuwa sun ga yadda kuɗin mutum ke cikin banki, ga lamba tana nunawa a waya, amma ba ya iya sayen mudun gero. Darasin duka ɗaya ne.

Kada kuma a ce ai abin da aka ɗora a intanet ba ya ɓata. Yana ɓata ƙwarai. Wani kamfanin Amurka mai suna MySpace, wanda mawaƙan duniya suka amince masa suka ajiye waƙoƙinsu, ya fito a 2019 ya ce waƙoƙin da aka ɗora daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta wajen sauya na'ura, an ƙiyasta sun kai miliyan 50. A 2009 kuma kamfanin Amazon ya shiga na'urorin mutane daga nesa ya share wani littafi da suka riga suka biya kuɗinsa. In haka ta sami Turawa a ƙasarsu, ina ga mutumin Wurno? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

TARIHIN TALAKA YANA CIKIN KASET

Yanzu ga babban dalilinmu. Tarihin sarakuna ba shi da fargaba, yana cikin littattafai, ana karantar da shi a makaranta. Kowa ya san Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna Wurno, nan ya rasu a 1837, nan kabarinsa ya ke. Kowa ya san a Rabah aka haifi Sardauna. Makaɗan fada ma sun sami gata daidai gwargwado: Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, da Musa Ɗanƙwairo wanda ya rasu a 1991, gidajen rediyo sun ɗauke su, malaman jami'a sun yi nazari a kansu. Ba mu hassada, gwanaye ne, Hausarsu abin koyo ce.

Amma ina tarihin wanda ya yi noman da aka ci? Ina sunan ɗan damben da ya kā da gwanin garin gaba, da sarkin noman da ya cika rumbu ya ciyar da unguwa shekarar yunwa, da mahauci, da maƙeri, da masunci a gulbin Rima, da matar da ta yi suna wajen daka da guɗa? Ba littafin da ya rubuta su. Makaɗansu ne suka ambace su, rakodar talaka kuwa ita ta riƙe. Dubi Ɗan'anace, mutumin Gandi ta ƙasar Rabah, makaɗin 'yan dambe da manoma. Ba don waƙarsa ba, da yaran yau sun san an yi wani Shago? Dubi Barmani Choge wadda ta rasu a 2013, abin da ta faɗa a kan zaman mata da sana'arsu ba malamin da ya rubuta kamarsa. Waɗannan ma sun yi suna, an san su. Bayansu akwai ƙananan makaɗa na ƙauye, masu kalangu da kotso da gurmi da kukuma, waɗanda ba su taɓa taka ƙofar gidan rediyo ba. Wani cikinsu, duk duniya muryarsa tana cikin kaset ɗaya tak, kaset ɗin nan kuma yana cikin kwalin da ɗanka ke shirin zubarwa. Ran da ya shiga juji, mutumin nan ya mutu mutuwa ta biyu, da shi da dukan waɗanda ya ambata.

Haka finafinan farko. Da yawa cikin waɗanda aka yi a kaset ɗin bidiyo ba wanda ya ɗora su ko'ina, kuma kamfanin Funai na Japan, wanda ya rage yana ƙera na'urar bidiyo, ya daina a 2016. Watau duk na'urar da aka fasa aka auna a sikeli, ba wata da za ta maye gurbinta.

Mutanen wannan ƙasa kuwa bai kamata a koya musu adana ba. Littattafan Muhammadu Bello da waƙoƙin Nana Asma'u da me suka kawo yau? Ba injin ɗab'i a lokacin. Almajirai ne suka kwafa da hannu, wannan ya ba wancan, aka sa cikin gafaka aka rataye inda gara ba ta kai. Ba su jira hukuma ba. Abin da kakanninmu suka yi da alƙalami da tawada shi mu ke roƙo a yi da kaset da memori.

Ban da wannan duka, akwai daɗi, kada a raina shi. Wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi, ko a dandali da dare, an sa kaset ɗin Narambaɗa, ya san abin da mu ke faɗi. Ana ji tare. Wani ya ce a mayar baya bai ji ɗan nan da kyau ba, dattijo ya warware wa yara zambon da habaicin, a yi gardama, a yi dariya, fuska ta ƙare a juya. Waƙar mutanen nan doguwa ce, sai da haƙuri a ke cin moriyarta. Yanzu fa? Mutum goma a benci ɗaya, kowa ya toshe kunnensa, kowa yana shafa gilashi, ba mai jin abu ya kai minti ɗaya. Wa zai koya wa yaro Hausa a haka?

ABIN DA MASU SUKA ZA SU CE

Wani zai ce kaset yana lalacewa. Gaskiya ne. Zafi yana cin sa, laima tana sa masa fumfuna, rakoda tana tauna zare, faifai yana karcewa. Amma wanda rumbunsa ke yoyo gyara shi ya ke yi, ba ya ƙone shi ya koma awo a kasuwa.

Wani zai ce kwafe-kwafe ya karya masu fim da mawaƙa. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa sanin zafin a ci guminsa. Saboda haka mu ke cewa, wanda ke raye yana sana'arsa a saya daga hannunsa ta hanyar da haƙƙinsa zai kai gare shi. Wanda ya rasu kuwa, in an kwafi waƙarsa don sayarwa a tuna yana da magada. Ceton abin da ke bakin halaka dabam, satar gumin mai rai dabam.

Wani kuma zai ce wannan koma baya ne. To, a Amurka, inda aka ƙago intanet ɗin, a 2022 an sayar da faifan garmaho kimanin miliyan 41, har ya ɗara CD. A 2013 wani kamfaninsu mai suna Sahel Sounds ya tattara waƙoƙin finafinan Hausa ya buga su a faifan garmaho yana sayar wa Turawa. Su suna sayen namu suna jerawa a kanta, mu muna kai wa juji, sa'an nan mu ce mu ne muka waye!

Ba mu ce a jefar da waya ba. Ina ɗan kasuwar da zai yi ciniki yau ba waya? Da ita a ke jin farashin albasa da tafarnuwa a kudu kafin a ɗora buhu a mota. Cewa mu ka yi wayar ta zama baranka, kada ka zama baranta.

SHAWARA

Na fari, a fito da kwalayen nan a kakkaɓe. A jera kaset a tsaye cikin gidansa, a inuwa, nesa da rana da laima, nesa da lasifika, don maganaɗisun da ke cikinta yana shafe sauti. Wanda zarensa ya saki a naɗe shi da biro a hankali. Faifai a riƙe shi ta gefe, a goge da ƙyalle mai laushi.

Na biyu, a rubuta. Sunan makaɗi, garinsu, wanda aka yi wa waƙar, wurin da aka ɗauka, da shekara in an tuna. A tambayi tsofaffi tun suna nan. Murya ba suna rabin dukiya ce.

Na uku, a juye. Da igiya ɗaya daga rakoda zuwa kwamfuta a ke yi, samarin da ke turi a kasuwa za su iya in an nuna musu, kuma sana'a ce sabuwa gare su. Memori mai giga 8 yana ɗaukar abin da ke cikin kaset fiye da 80 irin na minti 90. Amma a yi hattara da memorin jabu, kuma a sani shi ma yana mutuwa ba sallama. Saboda haka a juye wuri biyu, ɗaya a gidanka, ɗaya a gidan ɗan'uwanka na wani gari, musamman a wannan zamani da mutane ke barin gida ba shiri. Bayan an juye kuma kada a zubar da uwar.

Na huɗu, in za ka sayi waya ko rediyo, kada ka bi yayi. Tambayi abu huɗu. Tana cin memori? Tana kama tasha ba data? Cajinta yana kwana nawa? In ta lalace, akwai mai gyara da kayan gyara a kasuwarmu? Ƙaramar waya mai riƙe caji, da rediyo mai memori, da ɗan faranti na sola, sun fi wa manomi amfani bisa babbar wayar da za a sayar da tunkiya a saya, sa'an nan kullum tana wurin mai caji.

Na biyar, ga waɗanda ke riƙe da mulki. A Sakkwato akwai gidan adana tarihi mai sunan Waziri Junaidu, akwai gidan rediyon Rima, akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kuɗin mota ɗaya ta babban mutum ya isa a sayi na'urori a zaga Wurno da Rabah da Goronyo, kasuwa kasuwa, a juye abin da ke hannun jama'a, a mayar wa kowa kayansa. Muna kira a yi. Amma ku 'yan'uwa kada ku zauna jira, kun san yadda alkawarin manya ya ke. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na manoma da na mahauta, kowace tana iya ajiye akwati ɗaya da littafi ɗaya a ofishinta, ta tara waƙoƙin sana'arta.

Jama'a, an daɗe ana gaya wa talaka cewa abin hannunsa ba shi da daraja, sai ya sake shi sa'an nan a dawo a sayar masa da tsada. Kada mu yarda a yi mana haka da muryoyin iyayenmu. Ran kasuwa mai zuwa, in mai gwangwan ya yi sallama a ƙofar gidanka, ba shi tsohon kwano, ka riƙe rakodarka. Allah Ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, amin.